Sufa Gulu a Kan Ƙotar Wuƙa ta Itace: Nazarin Amfaninsa da Iyakarsa

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin wata dabara da ta yaɗu a tsakanin masu ƙera wuƙa da masu sassaƙar alƙaluman katako a Amurka da Turai, wato amfani da gam ɗin nan da aka fi sani da sufa gulu wajen kare ƙotar wuƙa daga ruwa da kuma ƙawata ta. An bibiyi asalin gam ɗin da yadda yake daskarewa, sannan aka auna hakan da halin itace na kumbura da motsewa. Takardar ta bambance ayyuka biyu da ake yawan cakuɗawa, wato shayar da itace gam har ya shiga kafofinsa, da kuma lulluɓe shi da ɓawo mai sheƙi. Matsayin da ta ɗauka shi ne, shayarwa tana da amfani ga mafi yawan wuƙaƙe, lulluɓi kuwa na wuƙar ado ne, bai dace da wuƙar da ake aiki da ita cikin jini da kitse da ruwan wanki ba.

Fitilun Kalmomi: sufa gulu, ƙota, itace, shayarwa, lulluɓi, danshi

1.0 Gabatarwa

Idan ana cinikin wuƙa, ruwanta ake fara dubawa: wane irin ƙarfe ne, yaya kaifinsa, yana daɗewa bai dakushe ba ko kuwa. Ba kasafai ake waiwayar ƙota ba sai ranar da ta tsage ko ta fara girgiɗi a hannu. Alhali sau da yawa ƙota ce take riga ruwan wuƙa mutuwa. Wuƙar mahauci ko ta ɗakin girki takan yini cikin jini da kitse, a wanke ta, a shanya ta a rana, gobe kuma a maimaita. Da zarar ƙota ta yi 'yar tsaga, to jini da romo sun sami maɓoya inda soso ba ya kaiwa. Daga nan ruwa yakan isa ga jelar ƙarfen da ke cikin ƙotar, jelar ta yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta ƙara buɗe tsagar. Ke nan matsalar ƙota ta shafi tsabtar abinci, ta shafi lafiyar hannun mai yanka, ta kuma shafi sunan maƙerin da ya sayar da wuƙar.

Dabarar shafa wa itace sufa gulu ta fi yin suna a hannun masu sassaƙar alƙalami na katako a Amurka, waɗanda ke ɗora guntun itace a kan inji mai juyawa suna shafa masa gam har ya yi ƙyalli kamar gilashi. Masu ƙera wuƙa ma suna amfani da ita. Tun da yake wannan gam yana cikin abubuwan da ake samu a kusan kowane teburin mai kayan masarufi a ƙasar Hausa, cikin ɗan bututun nan na giram 3, ya kyautu a san abin da zai iya yi wa ƙota da abin da ba zai iya ba, kafin a yi gyaran gangar Auzinawa.

Akwai kalmomi biyu da za a riƙa amfani da su da keɓaɓɓiyar ma'ana a wannan takarda. "Shayarwa" na nufin a zuba wa itace tsinkakken gam ya tsotse, sannan a goge abin da ya rage a sama har hannu ya koma taɓa itace. "Lulluɓi" kuwa na nufin a yi ta shafa gam shafi a kan shafi har ya zama ɓawo mai kauri da ya raba hannu da itacen. Kayan aikin ɗaya ne, amma sakamakon ya sha bamban.

2.0 Asalin Sufa Gulu da Yadda Yake Daskarewa

Sunan sinadarin a kimiyyance shi ne sayano-akirilet, kuma wanda ake sayarwa a kasuwa yawanci nau'in etil ne. A shekarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin sinadarai Ba'amurke mai suna Harry Coover da abokan aikinsa suka ci karo da shi lokacin da suke neman roba garai-garai da za a yi madubin saitin bindiga. Sai suka yi watsi da shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa. A shekarar 1951, a ɗakin binciken kamfanin Eastman Kodak da ke Kingsport a jihar Tennessee, abokin aikin Coover mai suna Fred Joyner ya shafa shi a tsakanin gilasan wata na'urar awo mai tsada, gilasan suka manne suka ƙi rabuwa. A wannan karon ne aka gane cewa abin da aka ɗauka aibi shi ne amfaninsa. An fara sayar da shi a shekarar 1958 da sunan Eastman 910.

Abin da ya kamata mai sana'a ya fahimta shi ne, sufa gulu ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi. Gam ɗin kafinta fari da ƙaro suna kamawa ne idan ruwan da ke cikinsu ya ƙafe. Shi kuwa wannan, ruwa ne yake tayar da shi. A cikin bututu, ƙwayoyin sinadarin a warwatse suke, kowace ita kaɗai, kuma an sanya musu ɗan asid kaɗan domin ya hana su haɗuwa. Da zarar gam ɗin ya taɓa wurin da ke da danshi, ko da danshin nan ne da ido ba ya gani wanda ke kwance a kan kowane abu, sai ƙarfin asid ɗin ya karye, ƙwayoyin su shiga kama juna suna yin dogayen sarƙoƙi, cikin daƙiƙoƙi ruwan ya koma roba mai tauri. Wannan ne ya sa ya fi saurin kama fatar mutum a kan komai, domin fata ba ta rabuwa da danshi.

Abubuwa da dama da za a gani a wurin aiki daga nan suka samo asali. Shafi siriri ya fi mai kauri saurin kamawa, domin danshi yana isa ko'ina cikinsa, amma idan aka tara shi wuri guda sai samansa ya daskare cikinsa yana ruwa. Abu mai ɗabi'ar kanwa ko toka yana hanzarta shi, abu mai tsami kuma yana jinkirta shi. Mafi yawan itatuwa kuwa suna da ɗan tsami, shi ya sa gam ɗin yake samun zarafin nutsewa cikin itace kafin ya kama. Haka kuma haɗuwar ƙwayoyin tana fitar da zafi. A kan ƙarfe ko katako ba a jin wannan zafi, amma a kan auduga ko ulu, inda zare ke da yawa kuma haɗuwar ke faruwa gaba ɗaya a lokaci guda, yakan kai ga hayaƙi da ƙuna.

Robar da ake samu bayan daskarewa tana da tauri, tana da haske, ruwan sanyi ba ya ratsa ta da sauƙi. Sai dai tana da rauni uku waɗanda su ne ginshiƙin wannan nazari. Ba ta lanƙwasa, idan aka buge ta sai ta tsage kamar tangaran. Tana fara rasa ƙarfinta idan zafi ya kai wajen digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, wanda bai ma kai zafin tafasasshen ruwa ba. Sannan yawan jiƙa ta cikin ruwan zafi, musamman mai garin sabulu ko kanwa, yana warware sarƙoƙin sannu a hankali.

3.0 Halin Itace

Itace ko bayan an sare shi ba ya daina hulɗa da iska. Idan iska ta yi laima sai ya tsotsa ya kumbura, idan ta bushe sai ya fitar ya motse. Tsarinsa kamar damin siraran bututai ne da aka jera a tsaye, saboda haka fuskar da aka yanke a gicciye, inda bakunan bututan suke a buɗe, ta fi fuskar tsaye shan ruwa ninkin-ba-ninkin. A ƙotar wuƙa, wannan fuska ta gicciye tana wurare biyu: gindin ƙota, da kuma gabanta inda take haɗuwa da ruwan wuƙa. Abin takaicin shi ne, wannan wuri na biyu shi ne ainihin inda jini da ruwa suke gangarowa su taru.

Masana itace sun auna cewa idan laimar iska ta tsaya a kan kashi 20 cikin ɗari, danshin da ke cikin busasshen katako yakan sauka zuwa kashi 4 ko 5 cikin ɗari na nauyinsa. Idan kuwa laimar ta kai kashi 80, danshin katakon yakan hau zuwa wajen kashi 16. Waɗannan alƙaluma ba baƙi ba ne a garuruwa irin su Kano da Katsina da Damagaram, inda laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana a lokacin hunturu, ta kuma haura sosai a watan Agusta. Wato ƙota ɗaya, ko ba a taɓa tsoma ta a ruwa ba, danshinta yana iya canjawa da wajen kashi 10 tsakanin tsakiyar damina da tsakiyar rani. Irin wannan canji yana sa faɗin katako ya ƙaru ko ya ragu da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, gwargwadon irin itacen da yadda aka tsaga shi, alhali tsawonsa kusan ba ya motsi. A ƙota mai faɗin milimita 30, wannan ya haura rabin milimita, yana neman cika guda. Ga ido ƙanƙanin abu ne. Amma jelar ƙarfe da ƙusoshin tagulla da ke riƙe da itacen ba ruwansu da laima, suna nan yadda suke. Itace yana tafiya yana dawowa, ƙarfe yana tsaye, to duk abin da aka shimfiɗa a kan su biyun dole ya iya miƙewa, in ba haka ba ya tsage a kan iyakarsu.

Itatuwa kuma ba hali ɗaya gare su ba. Maɗaci da maɗobiya suna da manyan kafofi da ake iya gani da ido, suna shan gam sosai. Kirya da kanya da marke a cure suke, abin da suke sha kaɗan ne. Wasu itatuwan ƙasashen waje da maƙeran Amurka ke so, irin su kokobolo na Amurka ta Tsakiya, mai gare su a jiki, kuma wannan mai yana hana gam kamawa da kyau sai an fara wanke fuskar da sinadarin asiton.

4.0 Shayarwa

Kafin a taɓa bututun gam, sai an tabbatar itacen ya bushe ƙarau, kuma an riga an kafa ƙotar a jikin jela. A nan akwai kuskuren da ake yawan yi. Sufa gulu ba shi ne gam ɗin da ya dace a haɗa ƙota da ƙarfe da shi ba, domin ba ya jure bugu kuma ba ya cike gurbi mai faɗi. Wannan aikin gam mai haɗi biyu ne, irin Araldite, tare da ƙusoshi. Aikin sufa gulu yana zuwa ne bayan an gama siffanta ƙota da magagari.

Ana fara gogewa da samfefa mai lamba 120, a koma 220, sannan 400, ana bin tsawon itacen ba gicciyensa ba. Duk wani ƙarzo da aka bari a wannan mataki gam zai fito da shi fili, ya kuma adana shi. Sai a kakkaɓe ƙura, a goge ƙotar da asiton, a bar ta ta sha iska na 'yan mintoci. Idan tsohuwar ƙota ce da ta sha kitse ko man gyaɗa shekara da shekaru, sai an kankare ta har an iske farin itace an kuma maimaita wankin asiton, domin gam ba ya zama a kan irin waɗannan mayuka. Daga nan a naɗe ruwan wuƙar gaba ɗaya da salatif na takarda. Wannan yana kare hannun mai aiki daga kaifi, yana kuma kare ƙarfen daga tabo.

Gam ɗin da ake buƙata shi ne tsinkakke, wanda yake gudu kamar ruwa. Masu sayar wa masu sana'a kaya sukan raba shi gida uku: tsinkakke, da matsakaici mai kaurin man girki, da kakkaura mai kamar zuma. Kakkauran ba ya shiga itace, saboda haka ba shi da gurbi a shayarwa. Game da abin shafawa kuwa, sufa gulu ba ya kama robar foli'etilin, wadda da ita ake yin murfin bututunsa, da ita kuma ake yin ledar fiya wata. Saboda haka wankakkiyar busasshiyar ledar fiya wata da aka naɗa a yatsa ta wadatar. A guji ƙyallen auduga.

Sai a riƙe wuƙar ta wajen ruwanta, a fara da gindin ƙota. A ɗiga gam a fuskar gicciye, za a ga itacen ya zuƙe shi nan take ya yi duhu. A ci gaba da ɗigawa har ya daina zuƙa. A yi haka ga gaban ƙota, a bar gam ɗin ya bi layin da ke tsakanin itace da ƙarfe, domin tsinkakken gam yana kutsawa cikin tsagar da ko gashi ba zai shiga ba. A ganin mai wannan rubutu, waɗannan wurare biyu su ne rabin aikin, kuma wanda bai yi komai ba sai su, ya riga ya tsawaita rayuwar ƙotarsa. Bayan nan a shafa wa sauran jikin da sauri, shafa ɗaya daga gaba zuwa gindi, kada a tsaya ana murzawa. A rataye ta ta daskare, a goge da samfefa mai lamba 400 har sheƙin ya tafi, sannan a maimaita. Shafi biyu ko uku sun isa ga yawancin itatuwa, kuma bututu ɗaya ko biyu sun ishi ƙota matsakaiciya.

Ga itace mai manyan kafofi kamar maɗaci, akwai ƙarin dabara. Bayan gogewar farko, kada a kakkaɓe garin itacen da ya cika kafofin, a zuba gam a kansa. Garin da gam za su haɗu su toshe ramukan da launin itacen kansa. Ta wannan hanya ake cike tsaga ma: a dankara mata garin itace, ko garin gawayi idan ana son baƙin layi, a ɗiga tsinkakken gam, a jira, a goge. Idan tsagar tana da zurfi, a cike ta kaɗan-kaɗan, domin idan aka cika ta lokaci guda ƙasanta zai zauna bai sha gam ba.

Gogewar ƙarshe da lamba 600 ake yi, har a ga babu wani wuri mai ƙyalli. Abin da ya rage shi ne ƙota wadda kafofinta suke toshe da roba amma fuskarta itace ce. Ana iya bin ta da ɗan kakin zuma. Gam ɗin yakan kama cikin mintoci, amma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan awa 24, don haka kada a wanke wuƙar a ranar.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan aiki. A fuskar tsaye gam ɗin ba ya wuce fatar itacen, cikin ƙota yana nan ɗanye kamar yadda yake. Wannan ya bambanta da abin da wasu maƙeran ke yi na sanya katako cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, a nutsar da shi cikin ruwan roba har ya ratsa shi gaba ɗaya, sannan a gasa shi. Shayarwa tana rage saurin shigar ruwa ne kawai. Ƙotar da aka shayar za ta jure wanki da gogewa, amma ba za ta jure kwana cikin bokitin ruwa ba.

5.0 Lulluɓi

Matakan farko iri ɗaya ne da na shayarwa, sai dai ba a tsayawa a shafi na uku. Ana ci gaba da tsinkakke ko matsakaicin gam har shafi goma ko fiye, kowanne siriri, kowanne sai ya daskare kafin a ɗora wani. Idan ɓawon ya yi kauri sai a daidaita shi da samfefa mai lamba 600, a bi da 800 da 1000 da 1500 da 2000 ana jiƙa takardar da ruwa, a ƙarasa da man goge mota a kan ƙyalle mai laushi. Wurin da ake yawan faɗawa shi ne gefuna da kusurwoyi, inda samfefa takan cinye ɓawon ta isa ga itace. Idan haka ta faru sai wurin ya fito dususu a tsakiyar ƙyalli, kuma maganinsa sai an ƙara shafi an sake gogewa daga farko.

Babu musu, ƙotar da aka yi wa wannan aiki da kyau abar kallo ce. Zanen maɗobiya yakan fito kamar ana hangen sa a ƙarƙashin ruwa. To amma abin da ya yi wa alƙalami daidai ba lallai ya yi wa wuƙa ba. Alƙalami zagayayye ne, siriri, an manne itacensa a kan bututun tagulla, injin yana juya shi gam yana bazuwa daidai wa daida, kuma rayuwarsa a aljihu take. Ƙota kuwa tana da lanƙwasa da kusurwa, tana da kawunan ƙusoshi a fuskarta, tana faɗuwa a kan siminti, ana buga gindinta a kan gungume.

Idan aka haɗa abin da aka faɗa a sashe na biyu da na uku, za a ga yadda lalacewar take zuwa. Ɓawon ba ya miƙewa, itacen da ke ƙarƙashinsa kuwa yana motsi. Tsagar farko takan bayyana a kewayen ƙusa ko a kan layin jela, ko kuma a gefen da ya sha bugu. Ruwa ya shiga ta nan, ya bazu a ƙarƙashin ɓawon, ya rasa hanyar fita, sai a ga farin tabo yana faɗaɗa, daga baya ɓawon ya fara ɓantalewa. A wannan hali lulluɓin ya koma tarkon danshi, ƙotar da ba a yi wa komai ba ta fi ta saurin bushewa. Ga kuma ɓarɓashin roba mai kaifi da zai iya faɗawa cikin nama. Gyaransa ma da wuya, domin sabon shafi a kan tsohon yakan bar zobe, sau da yawa sai an kankare duka.

Matsalar da ta fi waɗannan girma ita ce santsi. Mai wannan rubutu ya taɓa yi wa wata wuƙar gida irin wannan lulluɓi gab da Babbar Sallah, kowa ya gani ya yaba. Ranar layya, da aka zo fiɗa hannu ya yi kitse, sai ƙotar ta riƙa zillewa kamar tarwaɗa, ala tilas aka ajiye ta aka ɗauko tsohuwa. Yawancin wuƙaƙen fiɗa da na girki ba su da wani shinge tsakanin ƙota da kaifi, saboda haka idan tsini ya ci karo da ƙashi hannu ya zame gaba, yatsu ne suke sauka a kan kaifin. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu a wannan gefen suke, kuma yankewarsu aiki ne na likitan tiyata. Ga wuƙar da za ta zauna cikin kube domin ado ko kyauta, lulluɓi ya biya kuɗin sabulu. Ga wuƙar mahauci da mai tsire da uwargida, kyan ɗan maciji ne.

6.0 Tasirin Yanayi a Kan Aikin

Masu yin wannan gam sun fi son a yi aiki da shi inda laimar iska take tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Da hunturu, shafin da ya kamata ya kama cikin minti ɗaya yakan daɗe yana danƙo, sai mai gaggawa ya ɗora wani a kai, aikin ya ɓaci. Haƙuri shi ne maganin farko, ajiye kwanon ruwan ɗumi kusa da inda aka rataye wuƙar kuma yana taimakawa. Akwai maganin feshi na hanzarta daskarewa, amma idan aka yawaita shi ko aka fesa daga kusa sai ɓawon ya yi fari ya farfashe.

Da damina kuwa, matsalar farin hazo ce. Tururin gam ɗin yakan haɗu da laima ya sauka a kan abin da ke kusa a matsayin farar hoda. Yana da son sauka a kan shatin yatsu, har ma masu binciken laifi suna amfani da tururinsa wajen fito da zanen yatsa a kan gilashi da roba. Wannan ne dalili na biyu na naɗe ruwan wuƙa da kuma goge ƙota da asiton. Akwai kuma batun lokacin da aka kafa ƙotar: itacen da aka yi aiki da shi a watan Agusta yana ɗauke da danshi mai yawa, zai motse idan hunturu ya zo, ko an shayar da shi ko ba a shayar ba.

7.0 Kariya da Gwaji

Tururin sufa gulu yana da yaji a ido da hanci, kuma wasu mutanen idan suka daɗe suna shaƙarsa yakan jawo musu toshewar numfashi irin ta asma. Shafa shi a fuskar ƙota gaba ɗaya yana tayar da tururin da ya ninka na ɗigo ɗaya, don haka a yi aikin a waje ko a bakin taga, a sanya tabarau. Idan yatsu suka manne kada a fizge, a jiƙa su a ruwan ɗumi mai sabulu, ko a shafa asiton ko mai, a riƙa murzawa a hankali. Idan ya zuba a kan riga ko zane na auduga, a nisanta tufar daga fata nan take a kwarara ruwan sanyi, domin ƙunar da yake yi ta gaske ce. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, kada a yi ƙoƙarin ɓamɓare fatar ido, kada a kusantar da asiton, a tafi asibiti. Likitocin ido a ƙasashe da dama sun sha karɓar mutanen da suka ɗiga shi a ido bisa kuskure saboda kwalbarsa ta yi kama da ta maganin ido, don haka kada a taɓa ajiye su wuri ɗaya, kuma a nisanta shi daga yara.

Kafin a taɓa ƙotar da aka ɓata kwanaki ana sassaƙa, ya kyautu ɗalibi ko mai sana'a ya gwada da ragowar itacen da aka yanko ta daga ciki. A yanka guntaye uku daidai da juna. Na farko a bar shi haka, na biyu a shayar da shi, na uku a lulluɓe shi, kowanne a kafa masa ƙusa ɗaya kafin a shafa gam. Bayan awa 24 a riƙa tsoma su a ruwan wanke-wanke mai ɗumi na minti goma da safe, a shanya su a rana, har tsawon mako biyu, ana duba kewayen ƙusar da fuskar gicciye kowace rana. A rana ta ƙarshe a saki kowanne daga tsayin ƙugu a kan siminti, sannan a shafa wa tafin hannu ɗan kitse, a damƙe su ɗaya bayan ɗaya, a sa wani ya ja.